Shin barikin soja na buƙatar satifiket ɗin LEED?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin gine-gine, ɓangaren lissafin kaya da farashi nake. Ogana ya dawo daga wani taro yana ta maganar wai sojojin Amurka ba sa gina komai sai da satifiket ɗin LEED, ya ce in bincika mu saka shi a takardun neman wata kwangilar ɗakunan kwanan sojoji da ofis da muke bi. Dan Allah mene ne wannan LEED ɗin, da gaske ne sojoji na aiki da shi, kuma mu a nan zai mana amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam Malam, barkanmu dai. Tambayar taka uku ce a dunƙule, mene ne abin, sojoji na aiki da shi da gaske, sannan ku ya kamata ku saka shi a takardunku ko a'a. Ta biyun eh ce, amma ba yadda ogan naka ya ɗauko ta ba. Ta ukun kuma ni a ganina kar ku yi alƙawarin LEED, ku yi alƙawarin abubuwan da za a iya aunawa da mita da tef, in kuma masu aikin sun nace sai da takarda to akwai wadda ta fi dacewa da aljihunmu da yanayinmu. Bari in bi a hankali don ka samu abin faɗa masa.

Me ake aunawa

LEED da tsare-tsare irinsa duk hanya ce ta ba gini maki kan yadda yake tattalin wuta da ruwa da kayan gini, da kuma lafiyar iskar da mutanen ciki ke shaƙa. Na farkonsu BREEAM ne, a Ingila aka fito da shi a 1990. LEED na Amurka ne, wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta ƙirƙiro shi, USGBC, wadda aka kafa a 1993, aka fara gwada tsarin a 1998 ya kankama a 2000. A tsarin da aka daɗe ana aiki da shi maki 110 ne gaba ɗaya, 40 zuwa 49 ka ci matakin farko, 50 zuwa 59 Silver, 60 zuwa 79 Gold, 80 zuwa sama Platinum. Kafin ma a fara ƙirga maka maki akwai sharuɗɗan dole, misali a gwada na'urorin ginin a tabbatar suna aiki yadda aka zana, kuma ba a shan taba a ciki ko dab da ƙofar shiga.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, makin wutar lantarki na sabon gini ba daga mita ake ɗaukarsa ba, ai ginin ma ba a shiga ba tukuna. Injiniya ne zai zauna a kwamfuta ya gina ginin naka a manhaja, ya sake gina wani irinsa na ma'auni bisa ƙa'idar ASHRAE 90.1, wato ma'aunin tattalin makamashi a gini na ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gini ta Amurka, sai a ga da kashi nawa naka ya fi wancan tattali, a tura takardu da zane da rasitai ta intanet masu tantancewa su duba. Kaga kenan hasashe ne aka tantance, hasashe mai kyau dai, amma an gina shi ne a kan cewa za a kashe esi ƙarfe biyar na yamma kuma mutum kaza ne zai zauna a ɗakin. Riƙe wannan, don duk rigimar da za ta biyo baya daga nan take.

Yadda sojojin Amurka suka shigo ciki

Kuɗi ne ya kawo su kafin komai. Ma'aikatar tsaron Amurka na da gine-gine kusan 300,000, ita ce ta fi kowace hukumar gwamnatin tarayyarsu cin makamashi nesa ba kusa ba, a shekarun 2010 wuta da gas na sansanoninta kaɗai na cin wajen dala biliyan 4 a shekara. Wanda ke biyan irin wannan bil ɗin ko kashi biyar ya rage ya samu kuɗin wani abu.

Da farko ba LEED suka ɗauka kai tsaye ba. A 2001 rundunar injiniyoyin sojan ƙasa ta fito da nata mai suna SPiRiT, daga LEED aka ciro shi aka gyara don ya dace da bariki, sai dai matsalarsa masu aikin ne ke ba kansu maki, babu wani na waje da ke dubawa, kuma kai ma ka san ɗan kwangilar da aka ce ya duba aikinsa da kansa me zai rubuta. Daga kasafin 2008 sojan ƙasa suka koma LEED matakin Silver, kuma ko a lokacin da yawa daga gine-ginen cewa kawai ake sun cancanci Silver ba tare da an kai an karɓo takardar ba. A gefe guda dokoki na tafe, ta makamashi ta 2005 ta ce sabon ginin gwamnatin tarayya ya fi ƙa'idar ASHRAE tattali da kashi 30 in lissafin kuɗin tsawon rayuwar ginin ya nuna riba, ta kuma ce a saka mita a gine-gine. Ta 2007 ta ƙara da maganar ruwan sama, duk aikin da ya wuce murabba'in ƙafa 5,000 dole ruwan da ke gangarowa daga filin ya kasance kamar yadda yake kafin a yi gini.

Sai majalisa ta taka burki. A dokar kasafin tsaro ta 2012 aka hana kashe kuɗin gwamnati don neman Gold ko Platinum, sai in ba zai ci ƙarin kuɗi ba ko an kawo lissafin da ya nuna zai biya kansa. Akwai maganar tsada a ciki, akwai kuma siyasar katako, don a lokacin LEED katakon da ke da shaidar FSC, wata ƙungiya mai tantance yadda ake kula da dazuzzuka, kawai yake ba maki, masu sana'ar katako na jihohi irin su Mississippi suka ga an ware su suka kai ƙara wajen 'yan majalisarsu. Majalisar ta kuma sa a yi nazari, rahoton majalisar bincike ta ƙasarsu ya fito a 2013, ya ce a ci gaba da Silver ko makamancinsa, amma ya nuna cewa gine-gine masu takarda iri ɗaya ba sa aiki iri ɗaya, wasu na tattali sosai wasu kuwa ba su kai abin da aka hasasa ba, kuma ya jaddada auna ainihin abin da gini ke ci da horar da masu kula da shi. A 2013 ɗin dai ma'aikatar tsaron ta fitar da ƙa'idarta ta kanta, UFC 1-200-02, ta tattara abin da take so a rubuce, ta jingina da ASHRAE 189.1, aka kuma buɗe ƙofa ga wani tsarin mai suna Green Globes. Wato dokar gini tasu ce, satifiket ɗin shaida ce ta wani na waje cewa an bi. Ingila ma haka ta yi, ma'aikatar tsaronta ta fito da nata tsarin DREAM a 2006 saboda BREEAM na farar hula bai san rumfar jirgin yaƙi ko wajen gyaran tankar yaƙi ba.

To ka ga maganar ogan naka rabin gaskiya ce. Kuma siyasar can na juyawa, umarnin shugaban ƙasa kan wannan fanni wani ya sa hannu wani ya zo ya soke, misali a Janairun 2025 aka soke na gwamnatin da ta gabata. Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda aka rubuta a dokar majalisa da ƙa'idar injiniyoyi.

Inda tsaro da maki ke karo

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, kuma nan ne wanda bai taɓa zama da zanen bariki ba yake ruɗewa. LEED an tsara shi ne da ofishin cikin gari a rai. Yana ba ka maki in ka yi gini a unguwa mai cunkoso kusa da tashar bas da shaguna, soja kuwa tazara yake nema. Bayan harin barikin Beirut a 1983 da ya kashe sojojin Amurka 241, da na Khobar a Saudiyya a 1996 da ya kashe 19, suka rubuta ƙa'idar kariya daga harin bam, UFC 4-010-01, wadda ke maganar nisan gini daga titi da wajen ajiye motoci da irin gilashin da za a saka. A Khobar tarwatsewar gilashi ce ta raunata mutane da yawa. To mai neman maki na son manyan tagogi don hasken rana ya shigo a kashe fitila, mai tsaro na son taga ƙarama da gilashi mai leda a tsakiya da firam mai kauri da aka ɗaure cikin bango, kuma kowane murabba'in mita na irin wannan gilashin kuɗi ne mai nauyi. Haka fitilun waje, LEED na so a rage hasken da ke tashi sama da dare, mai gadin katanga na so ya ga komai. Haka iska, ana so a buɗe gini iska ta ratsa, amma akwai ɗakunan da ba a yarda a buɗe ba, har inda ake zuƙo iskar esi ƙa'idar tsaro na so a ɗaga shi sama yadda ba wanda zai iya jefa wani abu ciki. Sannan ga maganar sirri, tsarin LEED na 2009 ya sharɗanta ka riƙa ba masu LEED ɗin bayanan wuta da ruwan da ginin ke ci har shekara biyar, kuma dole ka ɗora zanen gininka a shafin wata ƙungiya ta waje. Ɗakin kwana ko asibiti ko makarantar 'ya'yan sojoji ba damuwa, amma ɗakin sadarwa ko ma'ajiyar makamai wa zai yarda?

Abin da ke faruwa a aikace shi ne, in aka rasa makin da tsaro ya hana sai a tafi farautar maki masu arha. Wajen jingine keke, allon wajen fakin na mota mai tattalin mai, irin waɗannan. Ba haramun ba ne, amma ba su rage lita ɗaya ta dizal ba.

Abin da satifiket ba ya tambaya

Tambayar da ta fi damun kwamanda ita ce, in aka ɗauke wuta aka tare hanya tankar mai ba ta iso ba, kwana nawa wannan wajen zai ci gaba da aiki? LEED ba don wannan aka yi shi ba. Sojojin Amurka a Iraƙi da Afganistan suka koyi haka da jini, don ayarin motocin dakon mai da ruwa na cikin abin da aka fi kai wa hari, kuma kaso mai yawa na man janareta ke sha don sanyaya tantuna marasa rufin kirki, har suka koma fesa wa tantunan kumfa mai hana zafi shiga. A cikin Amurka kuma guguwar Michael ta ragargaza sansanin jiragen Tyndall a Florida a Oktoban 2018, wata guda kafin nan guguwar Florence ta yi wa sansanin Camp Lejeune ɓarna. A 2017 sojan ƙasa suka sa wa kansu ƙa'idar cewa muhimman ayyuka su iya riƙe kansu da wuta da ruwa na kwana 14. A Afrilun 2019 aka yanke wa sansanin sojan ƙasa na Fort Bragg wuta da gangan ba tare da sanar da mazauna ba don a ga me zai tsaya me zai faɗi, kuma irin wannan gwajin ne ke tona janaretan da yake a takarda amma bai tashi ba. Sansanin Miramar a San Diego ya gina ƙaramar tashar wutarsa da ke haɗa sola da gas ɗin da ke fitowa daga juji, yana iya yanke kansa daga layin gari.

Mu nan ba sai an yi mana atisaye ba, kullum a cikinsa muke. Shi ya sa nake ganin tattalin wuta ya fi mana muhimmanci fiye da su, ginin da bai ɗaukar zafi janareta ƙarami yake so, batir kaɗan, tanka ɗaya a maimakon biyu, kuma ranar da komai ya mutu a watan Afrilu a Maiduguri ko Sakkwato zafi ya haura 40, sojan da ya dawo daga aiki zai iya kwanciya a ɗakin ya yi barci. Wannan na ƙarshen ni shi ne ya fi tsaya min a rai, don ɗakin da aka rufa da kwano ba komai a ƙarƙashinsa sai silin, tagoginsa na kallon yamma, tanda ne kawai, kuma mutumin da aka ba shi ba shi da bakin cewa a canza masa.

Abin da nake gani a wajen aiki

Ni aikina ɓangaren farar hula ne, ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, maganar kauri da tazarar bam kuma ta injiniyoyin soja ce, su za su ba ku ita kuma tasu ce ke gaba da ta kowa. Amma ciwon gini ɗaya ne ko na waye. An taɓa kira na duba wani ofis da aka ce an saka masa abin hana zafi a rufi, yana cikin takardar lissafi an kuma biya, amma ma'aikata na kukan esi ba ya sanyi. Na sa aka kawo tsani na buɗe ƙofar silin na leƙa da fitilar waya, ga audugar gilashin nan shimfiɗe tsaf zagaye da bakin ramin, iya inda hannu ke kaiwa, na ɗaga fitilar gaba sai katako da wayoyi da ƙasan kwano yana huci. A ginin dai, na'urar da ke kashe fitila in ba kowa an liƙe mata ido da salatif saboda tana kashewa mutane na zaune, ba wanda ya nuna wa mai kula da wajen ɗan maɓallin da ake ƙara mata lokaci. Na hau sama wajen sola na ja yatsa a kan faranti ɗaya, layi ya fito baƙi ƙirin a cikin jar ƙurar hunturu, ba a kai famfo saman ba balle a wanke. Duk waɗannan a takarda maki ne cikakku. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Me za ku saka a takardunku

Fara da karanta takardar neman kwangilar da kyau. In ba su nemi LEED ba kar ku ɗora wa kanku, don kuɗin rajista da tantancewa da dala ake biya, ga mai ba da shawara, ga mai lissafin kwamfuta, ga neman takardun shaidar fenti da katako da siminti waɗanda dillalanmu na kasuwa ba su da su, kuma in kun rubuta alƙawari kuka kasa ya zama abin riƙe muku kuɗi. Kuma ba a liƙa shi a ƙarshe, tun daga zane ake farawa, in zanen ya riga ya fito daga wajensu to rabin makin ma ba a hannunku yake ba.

Muna da namu abin dogaro. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine ta Najeriya, kuma abubuwa huɗu ta kama waɗanda su ne ainihin ciwonmu: girman taga kar ya wuce kashi 20 na bango sai in an yi mata inuwa, abin hana zafi a rufi, iyakar wutar da fitilu za su ci, da ingancin esi mai inbata. Ku ɗauki waɗannan ku mayar da su layi-layi a takardar lissafinku da kauri da lamba da farashi. Ku ƙara da juya doguwar fuskar gini ta kalli arewa da kudu in fili ya ba da dama, baranda mai faɗi, kwano mai haske, tagogi biyu masu fuskantar juna a ɗakin kwana da fanka, kan famfo da tankin bayi masu rage ruwa, tara ruwan rufi a tanki, famfon burtsatse mai sola, da mita daban a kowane bulok, wannan mitar ita ce mafi arha a jerin kuma ita ake fara cirewa in ana rage farashi, dan Allah ku kare ta. Ku raba layin wuta biyu tun daga allon rarrabawa, na dole kamar sadarwa da firjin magani da famfo da fitilun tsaro, da na jin daɗi, yadda batir zai ɗauki na dolen shi kaɗai.

In kuma sun ce lallai sai takardar wani na waje, ku duba EDGE na hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya. Don ƙasashe irin namu aka yi shi, sharaɗinsa a fili yake, ka rage kashi 20 na wuta, kashi 20 na ruwa, kashi 20 a ɓangaren kayan gini idan aka gwada da ginin da aka saba yi a garin, in tattalin wutar ya kai kashi 40 ka hau mataki na gaba. Manhajar kyauta ce a intanet, kai da kanka a matsayinka na mai lissafi zaka iya shiga yau ka zaɓi ƙasa da gari da irin ginin ka ga me kowane canji zai rage da shekara nawa zai mayar da kuɗinsa, kuma mai bincikensu na zuwa wajen ginin ya duba da idonsa bayan an gama. Shi ma hasashe ne a matakin zane, bai san komai kan tsaro ba, kuma kafin ku ɗora zanen kowane gini na soja a shafinsa sai kun samu izini a rubuce daga masu aikin.

Abu ɗaya da zan so ka kai wa oganka ko da ya ƙi sauran: ku rubuta da kanku cewa kafin miƙa makulli za a yi gwaji a gaban injiniyansu, a leƙa silin kowane bulok daga wannan kusurwa zuwa waccan, a kashe wutar gari a ga layin dole ya ɗauka, a koya wa waɗanda za su kula da wajen kowace na'ura a bar musu littafinta da kayan gyara na shekara guda, sannan ku dawo bayan zafin farko da damina ta farko ku karanta mita tare da su kafin a sakar muku ragowar kuɗin da aka riƙe. Ka saka wa wannan farashinsa a layinsa daban, don in ka cusa shi cikin kuɗin share fage ranar da aka zo rage kuɗi ba wanda zai san yana nan.